Gona a Kan Rufi, Rumbu a Cikin Ɗaki: Yadda Za a Ci Moriyar Sola a Gida da Rumfar Kasuwa



Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ya ci kasuwar Maigatari, ya ga yadda farantan sola suka yawaita a kan rufin gidaje da rumfuna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023, ciyar da janareta ya zama jan aiki a nan da can. A watan Agusta na wannan shekarar kuma aka yanke wutar da Najeriya ke aika wa Nijar, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. Wasu sun sayar da akuya, wasu buhun gero, suka sayo faranti da batir domin iyali su ga haske, sana'a kuma ta ci gaba.

Sai dai kuka ɗaya ake ta ji: batir ya mutu tun bai shekara ba, fanka tana tsayawa tsakar dare, ƙanƙara ba ta kamawa. Sau da yawa laifin ba na rana ba ne, ba kuma na ƙarancin kaya ba. Sola tamkar noma ce. Faranti shi ne gona, batir shi ne rumbu. Wanda bai san abin da gonarsa ke bayarwa ba, kuma yake share rumbunsa ƙaf kowane dare, ko da ya ƙara gona ba zai wadata ba. Wannan takarda za ta nuna yadda ake auna girbi, da yadda ake tattalin rumbu, da yadda ake tsare lafiyar iyali daga haɗarin da ke tare da waɗannan kaya.

Darasi na ɗaya: a san awo kafin a ɗiba

Ɗan kasuwa ba ya sayar da hatsi sai da mudu ko tiya. Wutar lantarki ma tana da nata ma'auni. A jikin kowace na'ura akan rubuta lamba tare da harafin W, wato wat, wanda ke nuna ƙarfin zuƙarta. Idan aka ninka wat da yawan awannin da na'urar ta yi tana aiki, sai a sami abin da ta cinye, shi ake kira wat-awa. Ƙwan fitila mai wat 5 da ya yi awa 5 a kunne ya ci wat-awa 25.

Faranti, wanda wasu ke ce wa fanel wasu kuma pano, shi ma an rubuta wat ɗinsa a bayansa. Yankinmu na cikin wuraren da Allah ya hore wa rana, domin idan aka tattara hasken yini guda yakan kai daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Amma zafi da ƙura da wayoyi da shi kansa batir kowa yana cire nasa kason, har a rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Saboda haka lissafi mai sauƙi shi ne a ninka wat ɗin faranti da 4. Faranti mai wat 100 zai ba da kimanin wat-awa 400 a yini, mai wat 150 kuma kimanin 600.

Ga misalin wani gida:

Ƙwan fitila 4 masu wat 5, awa 5 kowanne: 100
Fanka mai aiki da batir kai tsaye, wat 20, awa 8: 160
Talabijin mai wat 40, awa 3: 120
Cajin waya 4, kowace kimanin 15: 60
Jimla: wat-awa 440

Wannan gida faranti mai wat 100 ya yi masa kaɗan, mai wat 150 kuwa ya ishe shi har da rara. To, a ce amarya ta jona dutsen guga mai wat 1,000 na rabin awa kawai. Ta ci wat-awa 500, fiye da abin da gidan gaba ɗaya ke ci a yini da dare. Haka butar lantarki da hita da risho na lantarki suke. Duk abin da aikinsa ɗumama ne, mai cin wuta ne ƙwarai, bai dace da ƙaramar sola ba. Ita ma fankar silin ta gargajiya takan ci wat 60 zuwa 75, wato ninki uku na fankar da ke cikin misalin nan. Sauya na'ura mai ci da marar ci ya fi ƙara faranti araha.

Darasi na biyu: kula da gona

Abu huɗu ke rage amfanin faranti: karkacewa, inuwa, ƙura da zafi.

Fuska. Ƙasashenmu suna arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti kudu zai fuskanta. Wanda ya tsaya yana kallon gabas, kudu tana hannunsa na dama. Kano tana kan digiri 12, Maraɗi da Damagaram suna tsakanin 13 da 14, saboda haka jinginar da ta dace ita ce kimanin digiri 15. A aikace, idan tsawon farantin mita ɗaya ne, sai a ɗaga gefensa na arewa da santimita 25, wato kimanin rabin kamu. Kada a tsayar da shi sosai, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan bi ta tsakar ka har ta ɗan karkata arewa. Kada kuma a shimfiɗa shi kwance, domin ƙura da ruwa za su zauna a kansa.

Inuwa. Ƙananan gidajen da ake gani a fuskar faranti a jere suke haɗe, kamar raƙuman ayari da aka ɗaure da igiya ɗaya: idan ɗaya ya durƙusa, sauran sun tsaya. Inuwar reshen darbejiya, ko ta sandar eriya, ko shanyar da aka rataya kusa, tana iya rage wuta fiye da girman wurin da ta rufe nesa ba kusa ba. A hau a duba da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, a tabbatar babu abin da ke gitta masa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma.

Ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana rage wuta ta hanya biyu: hazo a sama, ƙura a kan gilashi. Hazo ba mu da iko da shi, amma ƙura muna da shi. A wannan lokaci a wanke faranti aƙalla sau biyu a mako, a bakin hanya ko cikin kasuwa ma har kullum. A yi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi, ba a goga shi da yashi ko soson ƙarfe, ba a taka shi. Kashin tsuntsu kuwa a cire shi da zarar an gani. Hawa rufi aikin babba ne mai natsuwa, kada a tura yaro.

Zafi. Mutane da dama suna zaton zafi ne ke haifar da wuta. Haske ne ke haifar da ita, zafi rage ta yake yi. Wat ɗin da aka rubuta an auna shi ne lokacin da faranti yake digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana cire kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. A tsakiyar bazara farantin da aka manna a kan kwano yana iya kai digiri 65, ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari. Magani shi ne a bar tazarar aƙalla santimita 10 tsakaninsa da rufi don iska ta ratsa. Kafin hadarin farkon damina kuma a sake ɗaure kusoshi, domin dutsen da aka danne faranti da shi ba ya hana guguwa ɗaukarsa.

Darasi na uku: tattalin rumbu

Faranti mai kyau yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki. Batir shi ne mai saurin mutuwa, shi ne kuma mai cinye kuɗi a kai a kai. Nan ne riba da asara suke.

Batir mai folt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200. Amma idan na dalma ne, wato irin mai nauyin nan da aka fi sani, rabi kawai ya kamata a ɗiba, wato 600. Sauran rabin kamar irin shuka ne da ake bari a gindin rumbu. Wanda ke zuƙe batirinsa har fitila ta dushe kowane dare, yana iya kashe shi cikin watanni, alhali da ya tsaya a rabi da ya more shi shekaru. Gidan da muka yi misali da shi yana cin 380 da dare, idan an yi cajin wayoyi da rana, don haka batir mai 100Ah ya ishe shi.

Yadda ake gane matsayinsa shi ne a duba lambar folt da asuba, kafin rana ta fito, bayan an kashe komai na ɗan lokaci. Idan ta nuna 12.7 batir cike yake. Idan ta nuna 12.2 an kai kusan rabi, nan ne iyaka. Idan tana sauka ƙasa da 12 a kai a kai, ana cin jari ne, sai a rage kaya. Wajibi ne kuma batir ya riƙa cika fal, domin na dalma da ya daɗe bai cika ba farantan cikinsa sukan yi tsatsar gishiri da ba ta komawa. Idan an yi kwana biyu ana hadari ko hazo mai kauri, a haƙura da talabijin har ya farfaɗo. Don gobe ake wanke tukunya.

Zafi ma maƙiyin batir ne. Kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma. Kada a ajiye shi a rana, ko a ƙarƙashin kwano mai zafi, ko kusa da murhu. A nema masa wuri mafi sanyi a gida, mai inuwa da iska, a ɗora shi a kan katako. Idan mai murfi ne, a duba ruwansa sau ɗaya a wata, a ƙara masa tataccen ruwa marar gishiri da ake sayarwa don wannan aiki. Ba a ƙara masa ruwan rijiya ko na leda, ba a kuma ƙara asid.

Batirin mota an yi shi ne don tayar da inji cikin daƙiƙoƙi, ba don ciyar da gida dare guda ba, shi ya sa ba ya jimawa a sola. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ana iya ɗibar kashi 80 cikin ɗari nasa, kuma ya fi daɗewa. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, ko na dalma da na litiyam, domin mai rauni zai janyo mai ƙarfi ƙasa.

Tsakanin faranti da batir akwai ƙaramar na'ura, kwantirola, wadda take tamkar mai gadin rumbu: tana hana batir cika ya wuce kima, tana kuma yanke wuta idan ya yi ƙasa. Wasu idan ta yanke sai su cire waya su jona kai tsaye a kan batir. Wannan daidai yake da korar mai gadi don ya hana a ci iri. Iri biyu ake samu, PWM mai araha da ta ishi ƙaramin gida, da MPPT mai tsada da ta fi tatso wuta daga manyan farantai. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa sannan faranti, wajen cirewa kuma faranti ake fara cirewa.

Akwai kuma ɓarawon da ba a ji motsinsa, wato infata. Ko ba a jona mata komai ba, muddin tana kunne tana ci. Wadda ke cin wat 20 a zaune, cikin awa 24 ta cinye wat-awa 480. A kashe ta idan ba a bukatarta.

Darasi na huɗu: aikin rana a yi shi da rana

Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma faranti ke ba da mafi yawan wutarsa. Sau da yawa batir yakan cika tun kafin la'asar, sauran wutar kuma ta tafi a banza. Wutar da aka sha kai tsaye a wannan lokaci ba ta taɓa rumbu ba. Saboda haka cajin waya da tocila da fankar caji, da jan ruwa, da ɗinki da keken lantarki, duk a mayar da su tsakar rana. Mai sana'ar cajin waya ya saba wa abokan cinikinsa da kawo wayoyi da hantsi, ba da magariba ba.

Masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da fura da nono su san cewa firiza takan ci wat-awa 1,000 ko fiye a yini, kuma lokacin tashinta tana fizgar ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta mata, don haka tana bukatar farantai da infata daidai ƙarfinta. Dabara ita ce a bar ta ta yi aiki sosai da rana, a jera gorunan ruwa a cikinta su daskare, su riƙe sanyi da dare. Ƙanƙara ita ce batir mafi araha. A ajiye firiza a inuwa, a bar tazara tsakaninta da bango, a rage buɗe ta, kada a zuba mata abu mai zafi.

Sai dai tattalin wuta kada ya zama sanadin cuta. Abinci mai saurin lalacewa yana bukatar sanyin da bai haura digiri 5 ba. Nama ko kifi da ya narke ya ɗumama, sake daskarar da shi ba ya kashe ƙwayoyin cutar da suka hayayyafa a ciki. Kunun aya ko nono da ya kwana ba sanyi kada a sayar wa mutane. Masu ciwon suga da ke ajiye allurar insulin su sani cewa wurinta firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba firiza ba. Idan ta daskare ta lalace, ko da ta narke daga baya. Wanda firjinsa ke mutuwa da dare ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya kan yadda zai adana ta.

Darasi na biyar: tsaron lafiyar iyali

Sola ta raba gidaje da dama da hayaƙin fitilar kananzir, da gobarar kyandir, da hayaƙin janareta mai kashe mutane cikin barci. Amma ita ma tana da nata haɗari.

Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, iska ce mai kama wuta da fashewa. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana da ake rufewa, kada a kusance shi da ashana ko sigari ko garwashin turare. Ruwan cikinsa asid ne. Idan ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20, sannan a tafi asibiti. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi nan take.

Siririyar waya tana ɓata wuta, tana zafi, tana jawo gobara. A yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe, gajeriya gwargwadon hali, kuma lalle a sa fiyus kusa da kan batir mai alamar tarawa. Batirin litiyam da ya kumbura ko yake zafi fiye da kima, a cire shi a fitar da shi waje nesa da kaya.

Babban haɗari kuwa yana zuwa ne bayan batir ya mutu. Dalmar da ke cikinsa guba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi nata a jiki da aka san ba ya cutarwa. Ta fi yi wa ƙananan yara da 'yan tayi illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, sau da yawa ba tare da wata alama ba sai abu ya yi nisa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batura. A Zamfara a 2010 wannan guba, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara aƙalla 400. Don haka kada a fasa batir a gida, kada a narka dalmarsa, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a mayar da kwankonsa mazubin ruwa ko abincin dabbobi. A mayar da shi a rufe ga dillalin da ke karɓar tsoho a ba da sabo, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi. Yaron da ya yi wasa inda ake fasa batir, sannan ya kama ciwon ciki ko amai ko kasala ko jijjiga, a kai shi asibiti a kuma gaya wa likita abin da ya faru.

Kafin a biya kuɗi

Araha ba ta ado. Faranti mai wat 100 na gaskiya girmansa ya kai kimanin mita ɗaya a tsawo da rabin mita a faɗi. Idan an ga ƙarami da babbar lamba, a yi hattara. A sa mai kaya ya gwada shi da mita a rana tsaka, a kwatanta da abin da aka rubuta a bayansa. Batirin dalma mai 100Ah nauyinsa kusan kilo 30 ne, wanda bai kusanci haka ba dalmarsa ba ta cika ba. A duba ranar ƙera shi, domin wanda ya yi fiye da wata 6 a shago ba caji ya riga ya fara tsufa. A karɓi rasit da alkawarin garanti a rubuce, musamman idan za a tsallaka iyaka da kayan.

Tambayoyin bita

A zauna da iyali ko abokan rumfa a amsa waɗannan:

1. Wat nawa ne farantinmu, kuma wat-awa nawa yake bayarwa a yini?
2. Idan muka tara abin da na'urorinmu ke ci, ya wuce girbinmu ko bai kai ba?
3. Wace lamba batirinmu ke nunawa da asuba?
4. Wane aiki muke yi da dare wanda za mu iya mayar da shi rana?
5. Wane ne ke wanke faranti, kuma a waɗanne ranaku?
6. Ina tsohon batirinmu yake yanzu, kuma yara na iya kaiwa gare shi?

Gidan da ya amsa waɗannan shida kuma ya gyara inda ke da gyara, zai ga bambanci tun kafin wata ya zagayo, ba tare da ya ƙara kashe naira ko dala ba. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai sami damar karatu ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a nema.